Tsinkewar jijiyar gwiwa: yadda likita ke gano ta da hannu

A ranar 17 ga Oktoban 2020, mai tsaron gidan Everton, Jordan Pickford, ya yi karo da Virgil van Dijk na Liverpool. Jijiyar gwiwar Van Dijk ta tsinke, bai sake buga wasa ba har ƙarshen kakar. Irin wannan rauni yana samun matasa a filayen ƙwallon unguwa da fagen kokowa, sai dai sau da yawa ana ɗaukar sa targaɗe ne, a ɗaure da tsumma a ci gaba da harka.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe gwiwa: biyu sun gitta juna a tsakiya, biyu kuma suna gefe da gefe. Ta gaba cikin masu gittawar ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Takan tsinke idan mutum ya juya da sauri ƙafarsa na kafe a ƙasa. Da yawa kan ji ƙara a lokacin, gwiwa ta kumbura cikin ƴan awoyi, daga baya ta riƙa kuɓucewa in ana tafiya.

Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Na'urar IRM, wadda a ƙasashen Ingilishi ake kira MRI, tana nunawa, amma ba kowane gari ke da ita ba, ga kuma tsada. Shi ya sa gwajin hannu ke da muhimmanci.

Wanda aka fi dogaro da shi shi ne gwajin Lachman, mai ɗauke da sunan wani likitan ƙashi na birnin Philadelphia a Amurka, wanda aka wallafa bayaninsa a 1976. Majinyaci zai kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwar digiri 20 zuwa 30. Likita ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. Lafiyayyar jijiya takan tsayar da ƙashin cak. Idan ta tsinke, sai ya zame ba tare da tsayawa sosai ba. Jijiyar baya kuwa, tura ƙwaurin ake yi baya a digiri 90. Na gefe, ana tanƙwara ƙafar ciki da waje a ga ko gaɓar za ta buɗe. Kullum likita kan gwada da lafiyayyar gwiwar, don sassaucin gaɓa ya bambanta tsakanin mutane.

Zafi da kumburi kan sa tsoka ta ƙage, gwajin ya ruɗe, don haka likita na iya cewa a dawo bayan ƴan kwanaki. Ɗori ba ya haɗa jijiyar tsakiya da ta tsinke. Wanda ya koma fili da gwiwa mai kuɓucewa yana iya yaga guringuntsi, ya jawo wa kansa ciwon gaɓa tun da ƙuruciya. Duk gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura ranar da aka ji ciwo, a kai ta asibiti.