Kafin Ki Kawo Teku Cikin Ɗaki, Hajiya, Ki Yi Lissafi

Kwanakin baya wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi, wadda ke zuwa sari Dubai sau biyu ko uku a shekara, ta tare ni bakin gidan rediyo bayan na gama shiri. Ta buɗe salula ta nuna mini hoton wani akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launin ja da shuɗi da ɗorawa suna yawo tsakanin duwatsu masu rassa kamar itatuwa. Ta ce: "Ɗana, irin wannan nike so in sa a gidan abincin da zan buɗe. Amma ƙanen maigidana ya taɓa kawo ƙarami mai lita 60, bai yi sati biyu ba komi ya mutu. To in sayi babba, ko in haƙura?"

Na ce mata ta ba ni lokaci. Ga amsar da na kai mata, na kuma ga ya dace in kawo ta nan, domin ba ita kaɗai ce ƴar kasuwar da ta tsaya gaban babban akwatin kifi na Dubai Mall zuciyarta ta ɗarsa ba. Wancan akwati, da aka buɗe a shekarar 2008, lita miliyan 10 na ruwa yake ci. Na gida kuwa, wanda ake kira akwariyom, idan ya kai lita 400 zuwa 600 an ce masa babba.

Murjani dabba ce

Kowace mace ta san murjani. Tun zamanin fatake ake kawo shi kasuwanninmu ta hamada daga tekun Bahar Rum, kamar yadda wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi yake fitowa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, murjani ba dutse ba ne tun asali. Wasu ƴan mitsi-mitsin dabbobi ne ke zaune jingim wuri guda, suna gina wa kansu ƙashi, ƙashin nan ne ake gogewa a yi tsakiya.

Jan murjanin ado yana rayuwa a wurare masu duhu cikin teku. Wanda ake kiwo cikin gilashi ɗan'uwansa ne na ruwa mai ɗumi da haske, irin wanda ke Bahar Maliya kusa da Jidda da Fot Sudan, da Indunusiya, da gaɓar Ostareliya inda ya yi jerin tsaunuka na kilomita 2,300 a ƙarƙashin ruwa. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke amfani da haske tana samar masa da mafi yawan abincinsa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Haka ya faru a tekun Ostareliya a 1998 da 2016 da 2017 da 2024. Abin da zafi ya yi wa murjani cikin teku mai faɗi, cikin kwana ɗaya zai yi masa a ɗaki.

Me ya sa babba ya fi ƙarami?

Uwargida ta fi kowa sanin amsar. Idan gishiri ya ɗan zarce a tukunyar miyar mutum biyu, miya ta ɓaci. Idan a tukunyar biki ce, ba mai ji. Haka ruwan ƙaramin tulu ya fi na babbar randa saurin ɗaukar zafi. A akwati mai lita 60, kifi ɗaya ya mutu bayan dutse, ko yaro ya zuba abinci da yawa, kafin gari ya waye ruwan ya zama guba. A mai lita 500 kuskure yana ba mutum lokacin gyara. Shi ya sa masu wannan kiwo ke cewa mai koyo ya fi samun sauƙi da babba.

Amma sauƙin kiwo daban, sauƙin aljihu daban. Gilashin shi ne abu mafi araha a cikin lamarin, kamar yadda hayar rumfa ba ita ce jarin ɗan kasuwa ba.

Zaɓen akwati da wurin ajiye shi

Mu ɗauki akwati mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60. Wannan lita 540 ke nan, fiye da bido 21 masu lita 25 irin na ƴan garuwa. Kada tsayinsa ya wuce inda hannu zai kai ƙasa, domin kullum za a sa hannu a yi gyara, kuma haske ba ya isa ƙasa sosai idan zurfi ya yi yawa. Faɗi ya fi tsayi amfani: shi ke ba da wurin jera duwatsu, shi ke ba iska hanyar shiga ruwa. Gilashin irin wannan akwati kada kaurinsa ya gaza milimita 12.

Sai nauyi. Ruwan kaɗai ya haura kilo 550. Idan aka haɗa da gilashi da duwatsu da yashi da teburi, abin zai doshi kilo 800, wato buhun gero takwas a kan wurin da bai kai faɗin tabarma ba. Teburin katako na falo ba zai ɗauka ba. A sa maƙeri ya yi na ƙarfe mai kauri, a shafe shi da fenti domin ruwan gishiri yana cin ƙarfe, a ɗora shi kan daɓen siminti, magini ya auna ya tabbatar ba inda ya karkata. Akwatin da ya karkata, nauyi na taruwa gefe guda har ranar da zai tsage. Ko Turawa ba su tsira ba: a watan Disamba na 2022 wani ƙaton akwati mai lita miliyan ɗaya ya fashe cikin wani otel a birnin Balin na Jamus, kifaye wajen 1,500 ke ciki, kusan duka suka hallaka.

A nisanta shi da taga mai rana da kuma murhu. A bar fili ta baya, kuma a tuna: da zarar an cika shi, ba ya gusawa.

A ƙarƙashin teburin ana ajiye wani ƙaramin akwati mai kamar lita 100, ruwa na gangarowa cikinsa, famfo na mayar da shi sama. A nan ake ɓoye na'urori. Mafi muhimmanci ita ce mai yaɗe datti: tana kaɗa ruwa da iska ya yi kumfa, kumfar ta ɗauko ƙazanta ta zuba a wani kofi, kamar yadda ake yaɗe kumfar nama a tukunya. A cikin babban akwatin kuma ana sa ƙananan famfuna biyu ko uku masu kaɗa ruwa dare da rana, domin murjani ba ya tafiya neman abinci, igiyar ruwa ke kawo masa, ita ke wanke shi. Daga sama sai fitilu na musamman masu haske shuɗi da fari, awa 8 zuwa 10 kowace rana.

Ruwa da gishiri

Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35. Wani zai ce ai gishiri ba ya yi mana wuya, ga na Bilma ga na Fashi. Wannan ba zai yi ba, na girki ma ba zai yi ba. Ruwan teku yana ɗauke da wasu sinadarai da dama, har da wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta, a bokiti ake sayar da shi, kuma daga waje za a riƙa kawo shi. Cikawar farko za ta ci wajen kilo 20. Bayan haka kowane sati biyu ana kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan a zuba sabo, wato wajen kilo 50 na gishiri a shekara. Wanda bai da hanyar samun wannan a kai a kai, kada ya fara.

Ruwan famfo yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke kashe kifi, na rijiya kuma yana da abubuwan da ke sa gansakuka ta rufe gilashi. Sai an tace shi da na'ura irin ta masu ruwan leda, wadda ke zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. Kada tagulla ta taɓa ruwan, ko tiyo ko kan famfo: kaɗan daga cikinta na kashe murjani.

Ga kuskuren da ya fi kashe kifin masu koyo. Kullum ruwa na raguwa saboda zafi, amma gishiri ba ya tashi, kamar miyar da aka bari kan wuta tana ƙafewa tana ƙara gishiri. Saboda haka abin da ya ƙafe, da ruwa marar gishiri ake cike shi, kowace rana. A sayi ma'aunin gishiri da ma'aunin zafi tun ranar farko.

Zafi da kuran: nan gizo ke saƙa

Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Idan ya kai 30 ya daɗe, an shiga hatsari. Mu kuwa a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, wani lokaci ya kai 45. Fanka mai hura saman ruwa digiri ɗaya ko biyu kawai take ragewa. Dole a sami na'urar sanyaya ruwa, mai aiki kamar firigo, ko kuma ɗakin ya kasance da sanyi dare da rana. Lokacin hunturu kuma sai an sa mai ɗumama ruwa da dare.

Duk waɗannan da kuran suke aiki. Idan wuta ta ɗauke, famfuna sun tsaya, iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa na ƙarewa cikin ƴan awoyi, musamman da zafi. Ba mu manta da abin da ya faru daga watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa. Duk mai son wannan kiwo ya fara tanadin faifan hasken rana da batura, ko gurup mai tashi da kansa, kafin ya sayi kifi ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haƙuri kafin kifi

Bayan an jera duwatsu an cika ruwa, ba a sa kifi. Kashin kifi yana zama guba cikin ruwa, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke zama cikin ramukan duwatsun suna karya gubar. Kafin su yi yawa sai an yi sati huɗu zuwa shida, ana gwada ruwan da magungunan gwaji har gubar ta koma sifili. A nan ne maganar mai haƙuri shi ke dafa dutse ta zama gaskiya ƙiri-ƙiri. Ƙanen mijin Hajiya ranar da ya zuba ruwa ranar ya zuba kifi takwas, a tsakiyar bazara.

Daga nan sai a fara da kifi biyu, a jira sati biyu ko uku kafin a ƙara. Wanda ya fi dacewa shi ne ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, da yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003, domin ana ƙyanƙyasar shi a gidajen kiwo, ya saba da gilashi. Kowane sabon kifi a ware shi wani akwati na wata guda, kada ya kawo cuta. Murjani kuma a fara da mai laushi, masu ƙashi da rassa sai bayan an yi shekara hannu ya faɗa.

A kula da abu biyu. Wasu nau'o'in murjani masu kama da ƙananan furanni suna da dafi mai tsanani: a sa safar hannu, kada a taɓa ido, kada a kuskura a tafasa dutsen da suka zauna kai, tururinsa na kai mutane asibiti. Na biyu, murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta tsare, kuma Nijar na cikinta. Ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda, in ba haka ba duwan na da ikon karɓewa. A kuma tambayi mai sayarwa asalin kifinsa, domin a wasu wuraren Filifin da Indunusiya ana kama su da guba, su yi kyau a shago, su mutu bayan ƴan kwanaki.

Abin da Hajiya ta yanke

Da na gama, Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe ba kayan ado ba ne, kiwo ne." Na ce ƙwarai, Hajiya, kuma kiwon da ba a barinsa a tafi sari sati uku sai an bar wanda ya iya.

Ta yanke shawarar sayen babban akwatin, amma ta fara da ruwan daɗi. Kifayen koginmu na Kwara, irin su ƙurungu, ana sayar da su da daraja a shagunan kifin ado na Turai, sun fi na teku jure zafinmu, ba su bukatar gishirin waje. Idan ta shekara guda wuta ba ta ci amanarta ba, yaron da ta ɗora kan aikin ya iya awo da canjin ruwa, to gilashin da teburin suna nan, sai ta juye su zuwa na teku.

Duk wanda ke da irin niyyar Hajiya, ya zauna da biro da takarda ya rubuta abu huɗu: wuta, sanyi, gishiri, da mai kula. Idan ɗaya ya gagara, ya bar murjani inda Allah Ya ajiye shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.