Daga Tauraron Ɗan'adam Zuwa Bakin Gulbi: Fasahar Sadarwa da Aikin Agaji a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya dubi taswirar gabashin Jihar Sakkwato zai ga cewa Isa da Sabon Birni suna zaune ne a mahaɗar ruwaye. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a yankin Isa su zama Rima, sa'an nan Gulbin Maraɗi ya gangaro daga Nijar ya zuba a cikinsa a wajen Sabon Birni. Wannan ni'ima ce ta sa fadamun Gobir suka yi suna wajen noma, amma ita ce kuma kan rikiɗe ta zama masifa. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta mamaye kwarin Rima tun daga Isa har Sakkwato, ta cinye gonaki da gidaje, ta kuma karya gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A irin wannan hali, abin da mai agaji ya fi bukata tun kafin buhun hatsi shi ne labari: ina ruwa ya ci, mutum nawa ya shafa, kuma wace hanya ce ta rage?

Ido daga sama

Amsar tambaya ta farko takan fito ne daga tauraron ɗan'adam. Nijeriya ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, a 2003, kuma lura da bala'o'i na cikin ayyukansa. Sai dai kyamara ba ta ganin ƙasa idan hadari ya rufe sama, alhali a lokacin ne ake ambaliya. Saboda haka ake dogara da taurari masu rada, kamar Sentinel-1 na Turai wanda aka fara harbawa a 2014. Rada takan aiko da igiyoyi su ratsa gajimare su bugi ƙasa su koma. Gona da gida sukan mayar da su sama, amma shimfiɗaɗɗen ruwa yakan kautar da su gefe kamar madubi, don haka wurin da ya cika yakan fito baƙi ƙirin a hoto. Idan aka ɗora wannan hoto bisa taswirar ƙauyuka a kwamfuta, nan take za a gane inda ya kamata kwalekwale ya fara zuwa.

Ƙirga mutane da bin sawun cuta

Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen yankin zuwa Jihar Maraɗi. A can Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi musu rajista da na'ura mai ɗaukar zanen yatsa da na ƙwayar ido. Hikimar ita ce babu mutum biyu masu zane iri ɗaya, saboda haka wanda ya baro takardunsa a gida ba zai rasa rabonsa ba, wani kuma ba zai karɓa sau biyu ba.

Bayan ambaliya ko cunkoso, cuta ce ke biyo baya. Ƙwayar kwalara tana yaɗuwa ta ruwan da bayan gida ya gurɓata, kuma takan iya kashe mutum cikin sa'o'i. Da manhajar SORMAS, wadda aka ƙirƙiro bayan annobar Ebola ta 2014, jami'in lafiya kan shigar da rahoton mai amai da gudawa daga ƙaramar hukuma, hukumar NCDC ta gan shi a Abuja a ranar.

Inda gizo ke saƙa

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan layin waya. A watan Satumba na 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato don yaƙar 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni. Taurari ba su daina ɗaukar hoto ba, amma mutumin ƙauye ya rasa hanyar kai kukansa, har wasu mazauna bakin iyaka suka koma neman layukan Nijar. Darasin a fili yake: gargaɗin da bai isa kunnen manomi da harshen da yake ji ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Don haka rediyo da sanƙira da hakimi suna nan da muhimmancinsu.

A nan makarantu ke da rawar takawa. Ma'aunin ruwan sama da sanda mai lamba a bakin gulbi ba su da tsada. Ɗaliban Isa da suka rubuta tashin ruwa kullum suna riƙe da labarin da zai iya ceton mutanen Goronyo da Wurno, domin ruwan da ya wuce ta ƙofarsu can ya nufa.