Tarar Laburare: Wa Ke Da Laifi, Mai Aro Ko Ma'aikaci?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na Furfuri, Bungudu, Tsafe da cikin Gusau.

Yau maganar tarar laburare za mu yi. Wani zai ce, haba, duk matsalolin da ke damun Zamfara sai wannan? To ku tambayi ɗalibin da ya gama makaranta. A manyan makarantunmu, irin su Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, abin da aka saba shi ne ɗalibi ya bi ofis-ofis ana sa masa hannu a takardar kiliyarans kafin a sallame shi. Laburare na cikin wuraren. In akwai littafi a kanka, ba sa hannu. Ba sa hannu kuwa, sakamako na iya tsayawa, tafiya bautar ƙasa ta tsaya. Kun ga littafi guda ya riƙe mutum.

Bari mu yi ɗan lissafi, misali kawai. A ce tarar naira 50 ce a kowace rana. Ɗalibi ya ari littafi, aka yi hutu, ya tafi gida Furfuri da shi. Sai yajin aiki ya biyo baya, ko hanya ta yi rashin kyau saboda matsalar tsaro. Ya yi kwana 180 bai mayar ba. Tara ta zama naira 9,000. In littafi biyu ne, 18,000. Abin da ya fara da ɗan kuɗi kaɗan ya zama kuɗin da sai an kira gida.

To me ya sa ake cin tarar tun farko?

Dalilin mai sauƙi ne. Littafin laburare na kowa ne. Sau da yawa kwafi biyu ko uku ne kacal na littafin da ɗalibai ɗaruruwa ke nema lokacin jarrabawa. In ka riƙe shi wata uku, ba hukuma ka cuta ba, abokin ajinka ka cuta. An sa tara ne don ta tuna maka cewa akwai mai jira a bayanka.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta Risala a makarantar zaure ya san babin aro. A mazhabar Malikiyya, abin aro dole a mayar da shi, kuma in irin abin da ake iya ɓoyewa ne, kamar tufa ko littafi, wanda ya ara shi ke da lamuni in ya ce ya ɓata, sai dai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Wato tun kafin laburaren boko ya zo, malamanmu sun san cewa aro amana ce. Hausawa ma sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu zo kan ma'aikacin da ke zaune a kanta, wanda shi ke shan zagi. Za ka ji ana cewa, wannan baba ba shi da tausayi, wannan mata ta cika tsanani. Amma mu tsaya mu duba matsayinsa. Ba shi ya kafa dokar ba. Hukumar makaranta ce ta yanke adadin. Sunanka da ranar da ka ari littafi suna rubuce a rajista ko a kwamfuta. In masu binciken kuɗi suka zo suka ga an yafe tara ba tare da izini ba, shi za a ba takardar tuhuma. Tun 2015 da gwamnatin tarayya ta tilasta tsarin asusun bai-ɗaya, kuɗin makarantun tarayya ta Remita ake biya, ba a hannun ma'aikaci ba. Saboda haka sau da yawa in ya ce maka ba yadda zai yi, gaskiyarsa ya faɗa.

Akwai kuma wani abu. In ya yafe wa ɗan garinsu yau, gobe ɗan wani gari ya zo ya ƙi yafe masa, me za a kira wannan? Son kai. Wani masani a Amurka mai suna Michael Lipsky ya rubuta littafi a 1980 kan irin waɗannan ƙananan ma'aikata da ke fuskantar jama'a kai tsaye: malamin makaranta, ɗan sanda, akawu. Abin da ya nuna shi ne, su ne fuskar doka a idon talaka, kuma kullum suna tsakanin abu biyu, bin ƙa'ida da duba halin wanda ke gabansu. Wasu sukan fake da tsanani don shi ne ba ya jawo musu matsala da na sama.

Wannan ba ya nufin ma'aikaci yana da izinin wulaƙanta mutum. Bin doka daban, daka tsawa daban. Kuma wanda ya ce ka kawo kuɗi a hannu ba rasit, wannan ba doka yake karewa ba, aljihunsa yake karewa.

To tambaya mafi girma: tarar tana aiki kuwa?

A shekarar 2000, masana tattalin arziki biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun wallafa wani bincike da suka yi a gidajen renon yara a birnin Haifa. Iyaye na makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai aka sa musu 'yar tara. Maimakon makara ta ragu, sai ta ƙaru. Me ya faru? A da, uba na jin kunyar ya bar mai reno tana jiransa. Da aka sa kuɗi, sai ya ga ai saye ya yi, ya biya, ba sauran kunya. Da aka cire tarar ma, halin bai koma yadda yake ba.

Haka a laburare, sai dai da wani ƙari. Ɗan mai kuɗi zai riƙe littafi ya biya, ko a jikinsa. Ɗan talaka kuwa, da tara ta taru, sai ya daina zuwa gaba ɗaya don tsoro. Laburare ya yi asarar littafi, ya yi asarar mai karatu. Wannan ne ya sa ƙungiyar masu laburare ta Amurka ta fitar da matsaya a 2019 cewa tarar kuɗi na hana marasa ƙarfi amfani da laburare. A wannan shekarar birnin Chicago ya soke tarar jinkiri, kuma hukumar ta ba da labarin cewa mutane sun yi ta dawo da littattafan da suka daɗe a hannunsu. New York ta bi sahu a watan Oktoban 2021. Amma ku lura, ba su ce a yi ta'adi ba. Wanda ya ɓatar da littafi har yanzu sai ya biya kuɗinsa.

Don ku san jinkiri ba a kanku aka fara ba: George Washington, shugaban Amurka na farko, ya ari littafi a wani laburare a New York a 1789. Sai a 2010, bayan shekara 221, masu kula da gidansa suka kai madadinsa.

Za mu iya kwafar tsarin Chicago kai tsaye? Da wuya. Su suna da kwafi da yawa da kuɗin sayo sabo. Mu littafi ɗaya in ya tafi, ƙila ya tafi ke nan. Amma akwai tsaka-tsaki da hukumomin makarantu za su iya dubawa. A sa wa tara iyaka, kada ta wuce kuɗin littafin kansa. A daina ƙirga kwanakin yajin aiki da ranakun da makaranta ke rufe. A riƙa tura saƙon tunatarwa ta waya. A ware mako guda a kowane zango na afuwa, kowa ya kawo littafi ba tambaya. Sannan a ba shugaban laburare ikon yafewa a rubuce ga mai uzuri na gaskiya, kamar rashin lafiya ko matsalar tsaro, don ƙaramin ma'aikaci ya samu inda zai tura mutum.

Ku kuma ɗalibai, ga naku. Ɗauki hoton ranar mayarwa da wayarka. In ba ka gama ba, je ka sabunta aron kafin ranar ta cika. Kada ka tafi hutu da littafin laburare, kuma kada ka ara wa aboki da katinka, don sunanka ne a rubuce. In tara ta hau ka, kada ka tsaya cacar baki a kanta, rubuta takardar roƙo zuwa ga shugaban laburare ka faɗi uzurinka. In ka biya, karɓi rasit ka adana har ranar kiliyarans.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana, a makarantarku nawa ake cin tara, kuma kuna ganin a soke ta ko a gyara ta? Wanda kuma ke da littafin laburare a ƙarƙashin katifa, ya san kansa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.