BIKIN KYAUTAR WASANNIN BIDIYO: RABIN MINTI GA MA'AIKACI

A kowace shekara cikin watan Disamba akan yi wani ƙasaitaccen biki a birnin Los Anjalis na ƙasar Amurka, inda ake ba da kyauta ga waɗanda suka fi gwaninta wajen shirya wasannin bidiyo, watau irin wasannin nan da samari ke bugawa a PlayStation ko a wayar hannu, waɗanda yaranmu na Agege da Sabo ta Ibadan ke kira gem. Sunan bikin The Game Awards. Sa'ad da ake buɗe shi da yammacin can, a nan Nijeriya wajen ƙarfe ɗaya da rabi ne na dare, saboda haka duk mai son gani sai ya hana idonsa barci.

Wani ɗan jarida mutumin Kanada, Geoff Keighley, shi ne ya kafa bikin, shi ne kuma mai gabatar da shi. Kafin nan ya yi aiki a wani biki irinsa wanda gidan telebijin na Spike ya riƙa yi daga 2003 zuwa 2013. Da wancan ya mutu, sai Keighley ya zuba kuɗin aljihunsa ya shirya nasa, aka yi na farko ran 5 ga Disamba, 2014, a Las Begas, sa'an nan a 2015 aka ƙaura zuwa Los Anjalis. A shekarar farko an kalli bikin ta intanet sau miliyan 1.9. A 2024 kuwa masu bikin sun ce an kalla sau miliyan 154. Amma mai karatu ya lura, wannan lissafin kallo ne, ba lissafin kawunan mutane ba, kuma su masu bikin ne ke bayar da shi da kansu.

Alƙalan gasar su ne jaridu da mujallu da sauran kafofin labarai fiye da 100 daga ƙasashe dabam-dabam. Ƙuri'arsu ita ce kashi 90 cikin 100, ta jama'a masu zaɓe ta intanet kashi 10 kacal. Babbar kyauta ita ce ta Wasan Shekara. Dragon Age: Inquisition ne ya fara cinye ta a 2014, Elden Ring na Japan ya ci a 2022, Baldur's Gate 3 na Beljiyam a 2023, Astro Bot na kamfanin Sony a 2024.

To, abin da ya kamata a sani shi ne, wannan biki kasuwa ne tun kafin ya zama wurin yabo. Mafi yawan masu kallo ba don su ga wanda ya ci suke zuwa ba, suna zuwa ne su ga sababbin wasannin da za su fito baɗi. Kamfanoni kuwa sun gane haka, suna biyan maƙudan kuɗi domin a nuna tallarsu a wannan dare, kuma da irin wannan kuɗi bikin ke tafiya. Manyan kamfanoni uku masu ƙera na'urorin wasa, watau Sony da Microsoft da Nintendo, duk suna da kujera a majalisar ba da shawara ta bikin, ko da yake ba su jefa ƙuri'a. Wanda ya biya kuɗin kiɗa ai shi ake yi wa kiɗa.

Abin bai fito fili sosai ba sai a 2023. A shekarar da ta gabace ta, wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Christopher Judge, wanda ya fito a matsayin jarumin God of War, ya karɓi kyautarsa daga hannun Al Pacino, ya yi ta godiya har kusan minti takwas. Da shekara ta zagayo sai masu biki suka yanke cewa rabin minti kowa zai samu. In mutum ya wuce, sai wani allo ya nuna masa rubutu wai ya taƙaita, a kuma sakar masa kiɗa. Bikin ya ɗauki fiye da sa'a uku, amma kyaututtuka da dama karanto su kawai aka yi a jere, masu su ba su ko taka dandamali ba. A wannan dare kuwa aka bar Hideo Kojima, shahararren mai shirya wasanni na Japan, ya yi mintoci yana zance a kan wani wasa da bai ma fito ba.

Wanda ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne abin da ya sami Swen Vincke, shugaban kamfanin Larian. Ɗaruruwan ma'aikatansa sun yi wajen shekara shida suna aikin Baldur's Gate 3. Ya hau dandamali sanye da sulke irin na mayaƙan da, yana cikin ambaton wani abokin aikinsu da ya rasu, sai allon nan ya nuna masa ya taƙaita. Bayan biki Keighley ya amsa cewa lalle an yi saurin sakin kiɗan.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. A cikin 2023 an ƙiyasta cewa ma'aikata fiye da 10,000 ne aka sallama daga kamfanonin wasanni a duniya, amma ko kalma ɗaya ba a faɗa ba game da su a wurin bikin. Duk wanda ya taɓa aikin masaƙa ko na tashar jiragen ruwa a Ikko ya san abin da ake nufi da rage ma'aikata, ya san kuma ba lalle sai kamfani ya yi asara ake yinsa ba. A watan Oktoba na 2023 Microsoft ya kammala sayen kamfanin Activision Blizzard a kan dala wajen biliyan 69, watan Janairu na 2024 bai ƙare ba sai da ya sallami mutum 1,900 daga sashensa na wasanni.

Labarin Tango Gameworks ya ishi misali. Wannan wani ƙaramin kamfani ne a Tokiyo, mallakar Microsoft a lokacin. Wasansa mai suna Hi-Fi Rush ya ci kyautar tsarin sauti a bikin Disamba 2023, jama'a kuma sun yaba shi ƙwarai. A watan Mayu na 2024, wata biyar ke nan bayan an tafa musu, sai aka ba da sanarwar rufe kamfanin. Sai a watan Agusta wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Krafton ya saye shi, ya ceto abin da ya saura.

Surutun da aka yi ya ɗan yi amfani. A bikin 2024 an sassauta dokar rabin minti, Keighley ya yi maganar korar ma'aikata da bakinsa, aka kuma ƙirƙiro wata sabuwar kyauta aka bai wa Amir Satvat, wani mutum da ya riƙa tattara guraben aiki yana taimaka wa waɗanda aka kora su sami wani, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Shi ma Vincke ya dawo domin miƙa kyautar Wasan Shekara, ya yi amfani da damar ya caccaki kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikaci tamkar lamba a takardar lissafi. Manyan da yake yi da su suna zaune a gabansa, da su aka tafa.

Wani abin lura kuma shi ne yadda ƙanana ke ture manya. A 2024 wani wasan karta mai suna Balatro, wanda mutum ɗaya tak ya shirya, ya tafi da kyauta uku. A bikin 2025 kuwa Clair Obscur: Expedition 33 ya kwashe kyauta tara har da ta Wasan Shekara, abin da wani wasa bai taɓa yi ba a tarihin bikin. Kamfanin da ya shirya shi, Sandfall Interactive na garin Mompeliye a Faransa, ainihin ma'aikatansa ba su fi 30 da 'yan kai ba, shugabansu Guillaume Broche kuwa tsohon ma'aikacin babban kamfanin nan ne na Ubisoft, wanda ya ajiye aikinsa don kansa ya kafa nasa, wannan kuma shi ne wasansu na farko.