Sarƙar Kekenka Na Yawan Zamewa? Ga Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Ka Daidaita Ta

Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun shinkafa ko kwandon kifi a bayan keke daga fadamun Auyo ko Kirikasamma zuwa kasuwar Haɗejia ya san wannan takaici: kana cikin taka feda sai ka ji ƙafa ta tafi a banza, sarƙa ta zame. Ga rana, ga kaya, ga ciniki na wucewa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, matasa da dama suka koma kan keke, musamman marasa giya irin su Phoenix da Raleigh. Irin wannan keke ba shi da abin da ke ja wa sarƙa sai zaman tayar baya. Laka a damina, yashi a rani, da nauyin kaya kan sa tayar ta goce kaɗan. Da ta goce, ƙaramin haƙorin baya ya daina kallon babban na gaba. Don haka kafin ka ce a rage sarƙa, duba saitinta.

Duba da kyamara

Kifa keken, tayoyi na sama. Tsuguna a bayansa, kunna fitilar waya, ka ɗauki hoton sarƙar daga baya, sannan ka zuƙo hoton. Ya kamata ta miƙe sak daga haƙorin baya zuwa na gaba, tayar kuma ta zauna daidai tsakiyar ƙarafan da ke gefenta. Idan wayarka na ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali, juya feda ka ɗauka. Za ka ga inda sarƙar ke hawa kan haƙori.

Yadda za ka gyara

Sassauta notunan tayar baya guda biyu, galibi da sifana mai lamba 15. Ja tayar baya a hankali. Idan kekenka na da ƙananan notunan saiti a ƙarshen ƙarafan, juya su kaɗan-kaɗan, dama da hagu, har tayar ta koma tsakiya. Danna tsakiyar sarƙar da yatsa: ta motsa sama da ƙasa kamar santimita 1. In ta yi tauri da yawa, za ta ci haƙora ta kuma sa feda nauyi. In ta yi sako-sako, za ta faɗi. Juya feda ka gwada a wurare daban-daban, domin akwai inda ta fi tsukewa. Sai ka ɗaure notunan bi da bi, ka sake ɗaukar hoto ka kwatanta da na farko. Kada ka manta da gwada birkin baya, tunda tayar ta motsa.

Hattara: kada ka kai yatsa kusa da haƙora yayin da taya ke juyawa.

In har yanzu tana zamewa

Auna sarƙar. A sabuwa, gaɓa 24 na ba da inci 12 cif. Idan sun ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta tsufa, sai sabuwa. Idan kuma haƙorin gaba ne ya lanƙwashe, kai wa mai gyaran keke, ka nuna masa bidiyon.

Bayan ka ratsa ruwa ko laka, wanke sarƙar, ka busar da ita, ka ɗiga mai kaɗan ka goge. Mai da yawa yashi yake tarawa.