Tsutsar Ciki a Ƙasar Haɗejiya da Hanyar Gane Ta

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya, tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, ya san arzikinta a ruwa yake, domin shinkafar fadama da kifi da lambun rani duk ni'imomi ne da Allah Ya saukar ta hanyar kogin Haɗejiya. Amma ruwan da yake raya ƙasar, idan ya yi ambaliya da damina ya malale masai da bayan gari, shi ne yake kwasar najasa ya shimfiɗa ta a gonaki da hanyoyi, alhali a cikinta ƙwayayen tsutsar ciki suke. Ba a banza malaman fikihu suka hana biyan bukata a mashaya da kan hanya da inuwar hutawa ba.

Tsutsotsin ba jinsi ɗaya ba ne. Macijin ciki, wanda tamatarsa takan saki ƙwai kimanin 200,000 a yini, ta baki yake shiga; tsila daga naman shanun da bai dahu ba take; wata ƙarama mai ƙugiya kuwa ta tafin ƙafar manomi take kutsawa, ta kama hanji tana shan jini har ƙarfinsa ya ƙare. Tsargiya, mai kama mafitsara ko hanji, a jikin dodon-koɗi take girma, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan rassan kogin, kwantaccen ruwa da kachalla suka yalwata masa mazauni.

Abin takaici, alamominsu sun yi kama da juna, sai uwa ta ga cikin ɗanta ya kumbura, jikinsa ya rame, ta saya masa magani bisa zato. Haƙiƙa ba ta bayyana sai an kai bayan gida ɗakin gwaji, inda ake shafa ɗan kaɗan a gilashi, bisa hanyar Kato-Katz, a duba da madubin likita, a gane kowane ƙwai da siffarsa, a ƙidaya yawansa; tsargiyar mafitsara kuwa a fitsari ake neman ƙwanta. Gwaji ɗaya yakan kuskure idan tsutsar kaɗan ce, saboda haka akan maimaita a wata rana. Fa'idar gwajin babba ce, domin albendazol da yake kashe macijin ciki ba ya maganin tsargiya, ita sai farazikwantel.

Ya ku iyaye, kunyar ɗaukar kashin yaro zuwa asibiti kada ta hana ku, ku kai a duba kafin ku sayi magani.