Rimot ɗin buɗe gareji: Yadda abin wasan yara ya tona asirin ƙofofin zamani

A shekarar 2015, wani masanin tsaron intanet ɗan Amurka mai suna Samy Kamkar ya ɗauki wata 'yar na'urar aika saƙo da kamfanin Mattel ya ƙera domin yara, ya sauya mata manhaja, ya riƙa buɗe ƙofofin garejin ajiye mota da ita cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Bai taɓa rimot ɗin mai gida ba, bai kuma fasa kwaɗo ba.

Lamarin ya tayar da hankali, domin a gidajen Amurka da dama gareji a manne yake da gida, kuma akwai ƙofar da ke shiga ciki daga nan. Wanda ya buɗe gareji, saura ƙiris ya iso falo.

Yadda rimot ke aiki

Idan aka danna maɓalli, rimot yana aika wata lambar sirri ta hanyar siginar rediyo zuwa injin da ke jan ƙofar. Idan lambar ta yi daidai da wadda injin ya sani, sai ƙofa ta buɗe. Matsalar ita ce siginar a iska take tafiya, duk wanda ke kusa da na'urar da ta dace zai iya kama ta.

Tsofaffin rimot lamba ɗaya suke aikawa kullum. Ana saita ta ne da wasu ƙananan makunnai takwas zuwa 12 da ke jere a cikin rimot ɗin. Mai makunnai 12 lambobi 4,096 kacal zai iya samarwa, mai takwas kuma 256.

Kamkar ya lissafa cewa gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya zai ci kimanin minti 29. Sai ya gano cewa injunan ba sa watsar da lambar da aka aiko ba daidai ba, suna haɗa ƙarshenta da farkon mai bi mata. Da wannan ya cure lambobin wuri guda, ya rage lokacin zuwa daƙiƙa takwas. Ya wallafa manhajar da sunan OpenSesame, amma da gangan ya lalata wani sashe nata don kada ɓarayi su yi amfani da ita.

Lambar da ke sauyawa

Tun a shekarun 1990 kamfanoni suka fara fitar da rimot mai sauya lamba a duk dannawa. Lambar da aka yi amfani da ita sau ɗaya ta mutu, don haka ko ɓarawo ya naɗe ta, ba za ta yi masa aiki ba. Ɗaya daga cikin fitattun fasahohin ita ce KeeLoq, wadda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu.

Wannan ya ƙara tsaro sosai, amma bai toshe kowace kafa ba. A 2008, masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka nuna yadda za a zaƙulo mabuɗin sirrin KeeLoq ta hanyar auna wutar da na'urar ke ja.

A watan Agustan 2015 kuma, Kamkar ya gabatar da wata na'ura mai suna RollJam a taron masu kutse na DEF CON a Las Vegas, wadda kayan haɗa ta ba su wuce kusan dala 30 ba. Idan mai gida ya danna rimot, na'urar tana toshe siginar ta naɗe lambar. Ganin ƙofa ba ta buɗe ba, sai ya sake dannawa. Na'urar ta naɗe ta biyun, ta saki ta farkon. Ƙofa ta buɗe, mai gida ya shige bai san komai ba, alhali an bar ɓarawo da sabuwar lamba a hannu.

Buɗewa da wayar salula

Sabbin injuna ana haɗa su da intanet, a buɗe ƙofa da manhajar waya. A nan mai kutse ba ya ma buƙatar zuwa unguwar. A watan Afrilun 2023, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta yi gargaɗi kan na'urorin kamfanin Nexx, bayan wani mai bincike, Sam Sabetan, ya gano cewa kalmar sirri ɗaya dukkansu ke amfani da ita, abin da zai bai wa mutum damar buɗe garejin wani daga ko'ina a duniya.

Me mai gida zai yi?

Irin wannan fasaha ce ke aiki a get mai buɗewa da rimot da ake sanyawa a sababbin gidaje a Abuja da Kano da Kaduna. Akwai kuma rimot masu araha a kasuwannin intanet da aikinsu shi ne kwafe lambar wani rimot, idan lambar ba mai sauyawa ba ce.

Matakin farko shi ne sanin irin rimot ɗin da ke hannu. A buɗe murfinsa: idan aka ga jerin ƙananan makunnai, tsohon yayi ne, ya kamata a sauya shi tare da na'urar da ke karɓar siginar. Rashin ganinsu ba tabbaci ba ne, don haka a tambayi wanda ya haɗa injin ko lambar tana sauyawa.

Idan rimot ya ɓata, ko mai gadi ko ɗan haya ya tashi da shi, a goge shi daga injin. A riƙa kulle ƙofar da ke tsakanin gareji da cikin gida, idan za a yi doguwar tafiya kuma a cire wutar injin a sa kwaɗo.

Sannan kada a bar rimot a cikin mota. Ɓarawon da ya fasa gilashi ya same shi tare da takardun mota masu ɗauke da adireshin gida, ba ya buƙatar ilimin kutse ko kaɗan.